Wa za mu ɗora a kan agajin gaggawa na unguwa, tsohon soja ko nas?

Sakataren_Layi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema a kan wata magana da ta kusa raba mana kwamitin unguwa gida biyu, wallahi har yau akwai dattawa biyu da ba sa gaisawa da kyau in an fito sallar asuba.

Ni ne sakataren kwamitin tsaro na unguwarmu a nan Tudun Wadan Zariya, ba wani babban muƙami ba ne fa, mu ne dai masu bin gida-gida ƙarshen wata muna karɓar kuɗin 'yan sintiri, mu sayi batirin tocila da usur, in an kama ɓarawon waya mu raka shi caji ofis kafin yara su illata shi. To makon jiya mai unguwa ya tara mu ya ce shi fa hankalinsa bai kwanta ba, duk shirinmu na hana ɓarawo tsallako katanga ne, amma in, Allah ya kiyaye, aka samu tashin bam ko 'yan bindiga suka shigo cikin dare, ba wanda ya san abin yi sai ihu da gudu. Ya ce a fitar da mutum ɗaya da zai riƙe ɓangaren agajin gaggawa, shi zai riƙa zuwa ƙaramar hukuma in ana mitin, shi zai san mutanen SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, da 'yan kwana-kwana da sauransu.

Nan fa aka yi ta. Dattawa suka ce a ba wani baba da ya yi ritaya daga soja, wai maganar ta'addanci ai ta masu kaki ce. Mu kuma wasu daga cikin matasa muka ce akwai wata antinmu a layin baya, nas ce ta yi ritaya, duk wanda ya yanke ko yaro ya ƙone ƙofarta ake bugawa ko ƙarfe biyun dare ne. Wani dattijo ya ce ina ruwan mace da bam, mitin ya watse a haka.

Ni gaskiya ban ma san mene ne aikin ba balle in san wa ya dace. Abin da na sani game da NEMA, wato hukumar agajin ta ƙasa, da SEMA shi ne in abu ya faru, bayan kwana uku ka gan su a talabijin da buhunan shinkafa da katifu da bokitai. In aikin ke nan ai kowa ma zai iya. Wanda ya san harkar don Allah ya yi min bayani, me ake so irin wannan mutumin ya iya?

Ɗan_Kwangila

Wa alaikumus salam. Sakatare ai ka ba kanka amsa, shinkafa da katifa da bokiti. Ku nemi wanda in an ba shi buhu goma zai iso unguwa da goma ba shida ba, shi ke nan kun gama. Sauran duk turanci ne da mitin a otal ana shan lemo. Ni tun ina yaro nake jin a kira lambar gaggawa 112, ka taɓa ganin wanda ya kira aka zo? Ranar da abu ya faru mu masu mashin da masu keke napep mu ne motar asibitin, mu ne 'yan kwana-kwanan, a ƙarshe ma wani ya tare ka a hanya yana tambayarka ina ka samo jini a riga.

Abu_Hanifa_Samaru

Malam Sakatare sannu da ƙoƙari, kuma a gaida mai unguwarku don ya hango abin da manya da yawa ba su hango ba. Na ɗan yi karatu a wannan fannin a cibiyar nazarin bala'o'i da ke ABU, irin waɗanda NEMA ta taimaka aka kafa a jami'o'i shida na ƙasar nan, bari in faɗi ɗan abin da na sani, a yi haƙuri zan ja da tsawo.

Maganar shinkafa ba ƙarya kuka yi ba, asalin aikin ke nan. Hukumar farko da aka kafa a 1976 bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, NERA sunanta, aikinta rabon kayan agaji ne kawai, ba a ce ta shirya komai ba. Sai a 1999 aka yi dokar NEMA, aka ce yanzu ba rabo kaɗai ba, har da hango bala'i da rage illarsa da shiryawa kafin ya zo da haɗa kan hukumomi ranar da ya zo. A tsarin, kowace jiha ta yi SEMA ɗinta, kowace ƙaramar hukuma ta yi kwamitinta. To wannan na ƙasan shi ne ya fi muhimmanci kuma shi ne a yawancin wurare yake a takarda kawai. Lokacin ma tunanin kowa na kan ambaliya da gobarar kasuwa da hatsarin tanka. Sai ga bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a watan Agustan 2011, ga Madalla ranar Kirsimeti a shekarar, ga Nyanya a 2014, ga babban masallacin Kano a Nuwamban 2014. Mutumin da ya saba ƙirga gidajen da ruwa ya ci, rana ɗaya ya tsinci kansa a wurin da mai yin ɓarnar yana da hankali, yana kallon yadda kake aiki, yana iya dawowa. Ambaliya ba ta yi maka kwanton ɓauna. Nan ne aikin ya canza.

Yanzu ga inda dattawanku suka ɗan kauce. Aikin soja da ɗan sanda da DSS shi ne maharin, a gano shi, a tare shi, a kama shi. Aikin jami'in agajin gaggawa shi ne duk sauran mutanen, wanda ke kwance yana zubar da jini, uwar da ke neman ɗanta, hanyar da cunkoso ya toshe, asibitin da ba a sanar da shi ba sai ganin mutane ya yi. Ba shi ne zai ɗauki bindiga ba, ba lallai ma shi ne zai ɗaure ciwo ba. Shi ne wanda tun ana zaman lafiya ya san wa ke da mota a unguwa kuma zai tashi in an buga masa, wa ke riƙe da makullin ƙofar baya ta masallaci, gida nawa ne ke da tsoho ko gurgu da ba zai iya gudu ba, in an toshe titi ta wace hanya za a bi a kai mutum asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Kuma DPO ya san fuskarsa, shugaban 'yan agaji ya san fuskarsa, don ranar tashin hankali ba ranar gabatar da kai ba ce. Ofishin NEMA na shiyya yana Kaduna ne, kusan kilomita 80 daga nan, ko da gudu suka taso rabin awar farko ta riga ta wuce, kuma a cikinta ake mutuwa ko a rayu.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne ke wannan rikicin na wa zai riƙe. A Amurka bayan harin 11 ga Satumban 2001 sai suka ɗauki hukumarsu ta agaji, FEMA, suka cusa ta ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida a 2003, hankali da kuɗi suka koma kan ta'addanci. Da guguwar Katrina ta zo a 2005 aka ga tsiraicinsu, duniya na kallo mutane na kan rufin gidaje. Darasin da ake koya mana daga nan shi ne kada ka yi shirin bam daban, na gobara daban, na rushewar gini daban. Shiri ɗaya ne. Mu ma a nan mun gani, ranar 11 ga Agustan 2023 da wani sashe na masallacin Juma'a na fadar Zazzau ya rufto ana sallar la'asar, ba ɗan ta'adda ko ɗaya, amma abin da ake buƙata shi ne dai wanda za a buƙata ranar bam, a janye jama'a, a fito da mutane, a san wa za a fara ɗauka, a san ina za a kai shi.

Ingila ma da duk kayan aikinsu, harin Mancesta na 2017 da ya ci mutum 22, sai da 'yan kwana-kwana suka yi sama da awa biyu kafin su iso, ba don babu mota ba, don hukumomin ba su yi magana da juna ba, kowa na jiran wani. Kwamitin bincike ya ce akwai wanda da an kula da shi da wuri da ya rayu. To ka ga ba kayan aiki ba ne kawai, wanda zai haɗa wancan da wancan shi ne babu.

In ni ne ku, ba zan tambayi wa ya taɓa sa kaki ba. Zan tambayi wa in ya buga waya ake ɗauka, wa ke iya rubuta abu ya ajiye, wa ba ya rikicewa, wa kuma in ya ce ku ja baya za a ja.

Maman_Sadiq

Ni ba zan yi dogon turanci ba, abin da idona ya gani zan faɗa. Ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma ina bakin aiki ranar 7 ga Yulin 2015 da bam ya tashi a sakatariyar Sabon Gari a Dogarawa, ana tantance ma'aikata, cikin azumi, da safe. Mutum 25 aka sanar sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ba zan faɗi asibitin da nake ba.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya mana a makaranta shi ne waɗanda suka fara isowa ba su ne suka fi jin ciwo ba. Wanda ƙafarsa ke aiki shi ne ya hau mashin ya iso, jini a fuska yana salati, muka rufa a kansa mu uku, muka ba shi gado. Haka na biyu, haka na biyar. Kafin a kawo waɗanda da gaske suke bakin mutuwa a bayan akori-kura, gadajen sun cika, safar hannu ta kusa ƙarewa, kuma kowane majinyaci ɗaya da 'yan rakiya kamar goma, ga masu zuwa kallo, ga masu neman 'yan uwansu suna ɗaga mayafi suna duba fuska. Ina riƙe da ledar ƙarin ruwa na kasa wucewa a baranda, da gwiwar hannu nake ture mutane. Akwai wani bawan Allah da ba zan manta ba, an ɗaure masa cinya da ɗankwali, ɗauri sakwa-sakwa kamar na ado, kuma a ƙasan ciwon aka ɗaura ba a sama ba. Wanda ya ɗaura da zuciya ɗaya ya yi, ba a koya masa ba ne kawai. Wata kuma 'yar uwarta na ta ɗura mata ruwa a baki wai ta karya azumin ta samu ƙarfi, ga shi ana son shiga da ita tiyata.

Shi ya sa ni a wajena in wanda kuka zaɓa bai yi komai ba a shekararsa ta farko sai koya wa mutum ashirin a unguwa yadda ake tsayar da jini, ya biya kuɗin sabulu. Ba abu ne mai wuya ba. Ka samu ƙyalle mai tsabta ko rigarka ma, ka danna kan ciwon da ƙarfinka duka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, in ya jiƙe ka ƙara wani a kai. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure ta sama da ciwon, tsakaninsa da gangar jiki, da abu mai faɗi ba waya ko siririyar igiya ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, zai yi ihu don akwai zafi, kada a kwance, a rubuta lokacin da aka ɗaura ko a goshinsa ne da biro. Ƙarfe ko gilashin da ya shige jiki kada a zare. Kada a ba shi ruwa. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe. Babbar jijiya in ta tsinke cikin 'yan mintoci mutum ke tafiya, ba zai kai Kwangila ba balle Shika.

Sai kuma tantancewa. Mu muna yi da launi, ja na wanda in ba a taɓa shi yanzu ba zai tafi, ruwan ɗorawa zai iya ɗan jira, kore na masu tafiya da ƙafarsu, baƙi wanda ya riga ya cika. A unguwa ba sai kun yi launi ba, mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce duk mai iya tafiya ya koma gindin bishiyar can, waɗanda suka rage a ƙasa su ne aikinku. Mai ihu yana da numfashi, wanda ya yi shiru shi za ka fara dubawa. Kuma don Allah kada a kwashe kowa a kai asibiti ɗaya, masu ƙananan raunuka a kai su na kusa, a bar babban wa masu buƙatar tiyata, wani kuma ya buga waya ya ce ga mu nan tafe da mutum kaza.

Ɗan_Kwangila, maganarka ta jini a riga gaskiya ce, tsoron nan ya kashe mutane da yawa. Amma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta ce dole asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, kuma ta hana a wulaƙanta wanda ya taimaka ya kawo shi. Ko ana bi ko ba a bi wannan wata magana ce, amma wakilinku ya kamata ya san da ita ya kuma iya faɗinta a gaban kowa ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Shi kuma baban da ya ce ina ruwan mace da bam, a gaishe shi, a gaya masa ranar nan mata ne suka wanke jinin.

Tsohon_Saje

Hajiya Allah ya saka da alheri, ban da abin cewa a kan aikinku, na ga nas a fagen daga na san me suke yi. Amma ɗana Abu_Hanifa kada ka yi saurin ajiye mai kaki a gefe. Na yi shekara 30 da 'yan kai a soja, a Depot ɗin nan na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, aka aske min kai, kuma akwai abu ɗaya da farar hula ba ya ganewa sai ya gani.

Mu Hausawa in abu ya fashe wurin muke nufa. Tausayi ne da son gani, yanzu kuma an ƙara da ɗaukar bidiyo. Masu sa bam sun san halinmu sarai. A kasuwar Taminus ta Jos ranar 20 ga Mayun 2014 bam na farko ya tashi, jama'a suka taru suna ceto, kamar minti ashirin zuwa talatin na biyu ya tashi a kansu, sama da mutum 100 suka tafi, da yawansu masu taimako ne. To duk ilimin ɗaure jinin nan in ba wanda ya tsaya ya ce ku ja baya, mutum shida kaɗai za su shiga, kai tsaya nan kada mota ta wuce, kai kalli jakar can kada kowa ya taɓa, to masu ɗaurin ma za a kwashe su ne. Wannan kuma murya yake so da ido, kuma a yi haƙuri, matasan yanzu ba kowa suke jin maganarsa ba.

Na biyu atisaye. Ba a koyon abu da baki. Mu abin da ya sa in an yi harbi jikinmu ke yin abin da ya dace kafin kai ya yi tunani, an sa mu mun maimaita sau ɗari ne a rana tsaka. Ku zauna ku rubuta tsari mai kyau ku sa a durowa, ranar da abu ya faru ba wanda zai tuna da shi. Ku fito ranar Asabar ku ce bam ya tashi a bakin masallaci, yaro biyar su kwanta, a duba agogo. Za ku sha mamaki, mai motar da kuka dogara da shi ba mai a tankinsa, makullin ƙofar baya yana aljihun ladan shi kuma ya tafi Giwa cin kasuwa. Amma ku sanar da DPO da mutanen unguwa tukuna kada atisayen ya zama abin da ake gudu.

Inda na yarda da kai, soja ya saba da oda, ya faɗa a yi. Unguwa ba bariki ba ce, ba za ka yi wa liman tsawa ba, ba za ka sa mai unguwa tsallen kwaɗo ba. Na san abokan aikina da yawa da ba za su iya zaman lallashin mutane ba, ni kaina sai da na yi shekara biyu da ritaya kafin in daina yi wa iyalina fareti. In baban naku irin masu zafin kan nan ne, ku ba shi filin da atisaye, ku ba antinku nas ɗin ragamar. In ya san aiki ba zai ji haushi ba, a soja ma likita na gaya wa janar ya kwanta.

Malama_Gwargwaje

Duk kuna ta maganar bam, ni kuma a ganina abin ya riga ya canza salo ya bar mu a baya. Yaushe rabon a ji bam a Zariya? Amma satar ɗalibai a makarantu a 2021 fa? Afaka a Maris, Greenfield a Afrilu, nan Nuhu Bamalli a Yuni aka shiga cikin dare aka kwashi ɗalibai da malamai, mu da ke kusa ba mu runtsa ba, sai Bethel a Yuli, ga harin jirgin ƙasan Abuja a Maris ɗin 2022, ga satar ɗaliban Kuriga a 2024. Wanda zai riƙe muku wannan aikin in ilimin 2014 kaɗai gare shi, na duba jaka a ƙofar masallaci da na'urar nan mai ƙara, to an wuce wurin.

Ina koyarwa a wata islamiyya, yara sun fi 300, ƙofa ɗaya. Wata ranar Lahadi tayar wata babbar mota ta fashe a titi, wani yaro ya ce 'yan bindiga, wallahi kafin in miƙe daga kan tabarma aji ya watse. Duk suka nufi ƙofar nan guda, ƙanana a ƙasa manya a kansu, takalma da alluna da hijabai ko'ina, wata yarinya 'yar shekara shida ta karye a hannu. Ba ɗan bindiga ko ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro ma bayan nan ne, cikin minti goma labari ya shiga guruf-guruf na WhatsApp wai an sace yara 50, har da hoton wata makaranta da ba tamu ba, iyaye suka cika layi da mashina, kowa ya ga yaro ya ja, wasu maƙwabta suka tafi da 'ya'yan maƙwabtansu ba su faɗa ba. Har bayan isha'i muna neman yara uku da ashe suna gidan kakarsu suna cin tuwo. Rajistar ranar ma ba a kira ba, ba mu san wa ya zo wa bai zo ba.

Daga ranar muka fasa katanga muka yi ƙofa ta biyu, kiran suna ya zama dole kafin a buɗe littafi, kowane aji ya san inda zai taru, kuma mutum ɗaya tak aka yarda ya yi magana da iyaye a guruf. To wannan na ƙarshen ku sa shi cikin abin da za ku duba. Wakilinku ya iya waya, ya iya fitar da saƙon murya cikin minti biyar da Hausa mai sauƙi, ga abin da ya faru, ga abin da bai faru ba, yaranku suna wuri kaza, kada kowa ya zo da mota. In ya yi shiru wani zai yi magana a madadinsa. Kuma ya tanadi hanyar da ba ta waya ba, kun manta a 2021 an katse layuka a wasu sassan jihar nan? Lasifikar masallaci da usur da yaro mai keke har yanzu suna da rana.

Wani abu kuma da ba a kulawa, yarinyar da ta karye hannun ya warke cikin wata biyu, amma ta fi shekara in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta saki fitsari. Ba buhun shinkafar da ke maganin wannan.

Bro_Wusasa

Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, haifaffen Wusasa, abu ɗaya zan ƙara. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 da aka kai hari coci a nan Wusasa da Sabon Gari da kuma Kaduna, abin da ya biyo baya na ramuwa a Kaduna ya ci rayukan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har sai da gwamna Yakowa ya sa dokar hana fita ta awa 24. Mai sa bam ɗin abin da yake so ke nan, bam ɗin ashana ce kawai. A layinmu abin da ya taimaka, wani dattijo Musulmi da babana sun yi aikin reluwe tare, suka fito suka tsaya a bakin layi su biyu, ba sanda ba komai, duk yaron da ya zo da zafi ya ga fuskar da ya sani.

Saboda haka Sakatare in akwai coci ko Kiristoci a yankinku, ko masu shago Inyamurai da Yarbawa, kada a yi kwamitin a zauren da ba za su iya shiga ba. 'Yan agajin Izala da na Fityanu da na JNI da Boys' Brigade da Red Cross duk kusan abu ɗaya suke koya, amma ban taɓa ganin sun yi atisaye tare ba. Wanda zai iya zaunar da waɗannan a benci ɗaya shi ne mutuminku.

Ɗan_Kwangila

To na ji, na janye rabin maganata, rabin shinkafar yana nan. Hajiya Maman_Sadiq in da gaske za a koyar da ɗaurin nan ku zo tasharmu, mu ne muke fara isa wurin ko ana so ko ba a so, ni kaina na taɓa ɗaukar mutum a mashin kansa na lilo ban san ina ƙara masa ba. Amma a yi shi da hantsi bayan an kai yara makaranta, in kuka sa da yamma ba wanda zai bar fasinja ya zo.

Sakataren_Layi

Kai jama'a Allah ya biya ku, ban zaci zan samu haka ba. Jiya bayan magariba na karanta wa mai unguwa duka a wayata, da na zo wurin ladan ya tafi Giwa da makulli sai da ya yi dariya har da tari, don wallahi namu ladanin ma shi kaɗai ke da makullin ƙofar gabas kuma kwaɗon ya yi tsatsa, yau da safe muka gwada ya ƙi buɗuwa sai da aka kira mai walda.

An tsaya a kan shawarar Baba Saje. Anti ce za ta riƙe, ita za ta je ƙaramar hukuma, ita da wani yaro ɗan poli da zai riƙe mata littafi da guruf, baba tsohon soja kuma filin da atisaye. Shi ya yarda nan take, har ya ce a samo masa usur mai kyau ba irin namu na 'yan ƙwallo ba. Dattijon nan dai bai yarda ba, ya ce shi ba zai zo ba, amma ya aiko da dubu biyu a sayi bandeji.

Mun fara zagayen rubuta masu mota, a layi huɗu mun samu bakwai, biyu a kan dutse suke ba taya. Atisayen farko Asabar ta sama in Allah ya kai mu, gobe za mu je wajen DPO. Maman_Sadiq don Allah in ba damuwa ki turo min jerin abin da ya kamata a sa a akwatin taimakon farko wanda bai fi ƙarfin dubu talatin ba, abin da ke asusun ke nan, kuma a ina ya fi dacewa a ajiye shi, masallaci ko kemis ɗin bakin layi, don shi kemis ɗin ƙarfe goma yake rufewa.